Tamu ƙungiyar rufin asiri ce: wasiƙa daga Garwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ka kuma yi haƙuri da tsawon maganar. Ni tela ne a babbar kasuwar Garwa, a nan Arewacin Kamaru, kuma shekara 11 ke nan ina riƙe da littafin wata ƙungiyar zumunta ta unguwarmu a matsayin magatakarda. A waya muke karanta jaridarku, mu da 'yan'uwanmu na Marwa da Ngawundare da Kusiri har Njamena, kuma duk waɗannan garuruwa maganar da zan yi ta riga ta kai can. Shi ya sa na ga ya kamata amsarta ma ta bi ta inda za su gani.

Wata biyu da suka wuce wani saƙon murya ya fara yawo a WhatsApp. Muryar saurayi ce, Hausarsa irin tamu ta nan. Ya ce a unguwarmu akwai wani gida da manyan mutane ke taruwa da dare su rufe ƙofa, ya ce da idonsa ya ga farin ƙyalle da akwati mai kwaɗo biyu, ya ga rago a ɗaure, ya ce “sun shiga loj,” wato ƙungiyar asiri. Bai kama suna ba, amma ya kwatanta zauren da bishiyar darbejiyar ƙofarsa yadda ko yaro ɗan shekara bakwai zai kai ka wurin. Zauren shugabanmu ne. A nan muke zama tun ina saurayi ina raka mahaifina ina ɗaukar masa buta.

Da abin ya tsaya a kanmu mu maza, da na bar shi ya mutu da kansa, don kasuwa ba irin maganar da ba mu ji ba. To bai tsaya nan ba. A cikinmu akwai wani dattijo mai sayar da kayan babur, wanda Allah ya buɗa masa a 'yan shekarun nan har ya ɗora bene a gidansa. Kwanaki kaɗan kafin saƙon ya fito, ɗansa mai shekara 19 ya faɗi a babur da dare a hanyar Pitowa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Ni na ɗinka wa yaron nan kayan sallarsa tun yana rarrafe. Ba a yi sadakar uku ba aka fara raɗa cewa ubansa ne “ya ba da shi.” Uwar yaron a gidan suna ta ji maganar, daga bakin matan da ba su san tana bayansu ba. Akwai ƙanwar yaron da aka riga aka kawo kuɗin gaisuwarta, sai ga dangin mijin sun aiko cewa a ɗan dakata. Mutumin da ya binne ɗansa da hannunsa yanzu in ya shigo masallaci sai ka ga ana matsawa ana bar masa fili a sahu. Malam Edita, wannan ne ya hana ni barci har na ɗauki biro.

Bari in faɗi yadda ƙungiyar ta samo asali, don tun daga nan za a gane farin ƙyallen.

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan ya san abin da ya faru a watan Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya wayi gari sefa 100. Kafin nan, a 1993, an zabge albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, don haka masu sayen kayanmu ma hannunsu ya bushe. Yadi, magani, sukari, komai da ke shigowa daga waje ya tashi. A cikin wannan halin ne wani baƙo, ɗan ga-ruwa daga wajen Katsina, ya rasu a wani zaure na unguwarmu. Ba shi da kowa a Garwa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ɗan goro ne, shi ya ba ni labarin yadda gawar ta kwanta tun hantsi har la'asar ana bi rumfa rumfa ana haɗa kuɗin likkafani. Ya ce a ranar kunya ta hana shi cin abinci. Da daddare su bakwai suka zauna suka ce in Allah ya yarda wannan ba zai sake faruwa a unguwar ba. Wani malami a cikinsu ya tuna musu hadisin Ash'ariyyawa, mutanen da in abincinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Kowa ya ajiye abin da ke aljihunsa a kan buzu. Abin da suka fara saye shi ne bandir ɗaya na farin yadi.

Har gobe wannan yadin ba ya yankewa a wurinmu. A cikin akwatin da mai muryar ya gani akwai likkafani na manya da na yara, an riga an yanka, akwai sabulu da turare da kafur da safar hannu ta roba. Kwaɗo biyu ne domin makulli ɗaya yana wurin shugaba, ɗaya yana wurin ma'aji, kuma duk wanda aka yi wa rasuwa a unguwar, ɗan ƙungiya ne ko ba ɗan ƙungiya ba, yana iya buga ƙofa ko ƙarfe biyun dare ne. Muna da makara biyu da diga da shebur, muna da samari masu haƙar kabari da muke ba su ɗan abin shan ruwa. In baƙo ya rasu a asibiti babu dangi, akwai ma'aikacin jinya a cikinmu, shi ke kira, mu je mu yi masa sutura. Ragon kuma na walimar shekara ne da muke yi bayan an karanta lissafi. Sarkin Fawan unguwa ke yanka shi da rana tsaka, yaran maƙwabta su ne ke fara cin naman.

Me ya sa da dare? Domin dukkanmu masu nema ne. Mahauci tun asuba yana mayanka, direba yana hanyar Ngong ko Gidar, masu dabbobi suna Adumri, ranar Lahadi kuwa rabinmu suna kasuwar Pitowa sai magariba suke dawowa da ƙura a ka. Ba mu da wani lokaci da kowa ke gari sai bayan isha'i, Lahadin farko ta kowane wata. Ba ma wuce ƙarfe goma.

Sai maganar rufe ƙofa, wadda ita ce gaskiyar da aka gina ƙaryar a kanta. E, muna rufe ƙofa, amma a ƙarshen zama kawai, lokacin da za a ambaci sunaye. Hausa ta ba mu kalma ɗaya, asiri, tana ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Akwai asirin boka, akwai asirin da mutum ke roƙon Allah kullum ya rufa masa. Na biyun shi ne aikinmu. Magidanci mai mata da 'ya'ya bakwai, wanda kowa ke gaisarwa da girma a kasuwa, zai zo wurina a shago kamar ya kawo ɗinki, ya sassauta murya ya ce kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Wani matarsa ce za a yi wa aiki a asibiti, an ce sai ya ajiye kuɗi tukuna. Wani bashi ne ya kai shi ofishin jandarma. Wannan mutumin in na faɗi sunansa ƙofa a buɗe, yara na leƙe, matasa na wucewa da waya a hannu, gobe da wace fuska zai fita? Annabi ya yabi mai sadakar da hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba. Sunayen nan suna wani shafi dabam a littafina, kuma ko matata ba ta taɓa ganinsa ba. Ban da wannan shafi babu abin da muke ɓoyewa.

Yanzu mu 46 ne. Akwai teloli huɗu, mahauta, 'yan goro, masu sayar da albasa da suke lodi zuwa Yawunde da Duwala, direbobi, 'yan acaɓa, malamin makarantar boko, malaman allo biyu, ma'aikacin jinyar da na ambata, da wani tsohon ma'aikacin kamfanin auduga da ya yi ritaya. An fara ta a matsayin ta Hausawa, amma Garwa gari ne da auratayya ta gauraya kowa, yanzu akwai Fulani da Barebari da Larabawan Shuwa, akwai wani Bagidare da ya auri 'yar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta. Rabin zaman da Hausa ake yi, rabi da Fulatanci, ni kuma in rubuta da Faransanci saboda hukuma. Akwai 'yan Tijjaniyya, akwai 'yan Izala, kafaɗa da kafaɗa. Doka ta farko a takardarmu ita ce ba a kawo muhawarar ɗariƙa ko ta jam'iyya cikin zaure. An taɓa gwadawa lokacin wani zaɓe, shugaba ya tashi ya naɗe tabarmarsa, daga ranar ba a sake ba.

Shiga ba wuya. Mutum biyu daga cikinmu su tsaya maka cewa kana da sana'a kuma ba a san ka da cin amana ba. Ka yi wata uku kana zuwa kana ganin yadda ake yi. In ka ga za ka iya, ka biya jaka 10 ta shiga, wato sefa dubu 10, a karanta maka dokoki da babbar murya, a shafa Fatiha. Shi ke nan. Babu rantsuwa, babu rufe ido, babu wata gaisuwa ta musamman da wani bai sani ba. Mukan ce wa sabon shiga ya gaya wa iyalinsa inda yake zuwa, domin in ya rasu matarsa ce za ta zo ta karɓi haƙƙinsa. Wanda ya gaji kuma yana fita, babu mai bin sa da komai. Mutum biyar na sani da suka fita, muna gaisawa, muna zuwa sunan 'ya'yansu.

Kowane wata mutum yana ba da jaka 2. Wanda ya makara tarar sefa 200, wanda bai zo ba babu uzuri sefa 500. Kuɗin kashi biyu ne: na gaggawa, wato ciwo da rasuwa da gobara, sai na rance. Rancenmu ba ruwa a ciki, ko dala. Wanda jarinsa ya karye a ba shi, ya biya a hankali cikin wata goma. Da irin wannan rance wasu 'yan acaɓa uku suka sayi baburan kansu suka daina kai wa mai babur kuɗi kullum yamma. A gefe kuma akwai adashi, abin da 'yan kudu ke kira tontin ko njangi, wannan ga wanda yake so ne. Dattijon da ake zargi, jarinsa na farko kwasar adashi ne a wannan zauren, a gabana aka ƙirga masa. Sauran kuwa ƙafarsa ce ta nema. Shekara da shekaru yana bin hanyar Mubi da Yola yana sarin kaya, damina da rani, har hanyar ta lalata masa baya. Masu cewa dare ɗaya ya yi kuɗi ba su gan shi yana tura mota a cikin taɓo ba.

Aikin da na fi alfahari da shi ba kowa ya san shi ba, shi ne takardar haihuwa. A nan Arewa yara da yawa a gida ake haihuwarsu, ba a kai sunansu ofishin magajin gari ba. Yaro zai yi shekara shida yana lekol, wato makarantar firamare, ya zo aji na ƙarshe a ce ba zai zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare ba sai da takarda. In lokacin rajista ya wuce kuwa sai an bi ta kotu a samo hukunci, a kawo shaidu, wani lokaci har da takardar likita mai ƙiyasta shekaru. Uban da ke neman na cefane ba zai iya wannan zirga-zirga ba, sai ya cire yaron ya kai shi kasuwa. Malamin makarantar da ke cikinmu shi ya kawo wannan kuka, yanzu kowace shekara mukan ɗauki yara gwargwadon ƙarfinmu, marayu tukuna, mu bi musu har takarda ta fito. Ɗaya daga cikin na farko yanzu tana karatun ungozoma.

Lokacin ambaliyar 2012, da kogin Binuwai ya cika ya ci gidaje da gonaki daga wajen Lagdo har cikin Garwa, asusunmu ƙarƙaf muka juye a kan masara da tabarmi da gidan sauro. A ƙarshen 2014 kuma, da Boko Haram suka kama Mubi, mutane suka tsallako a ƙafa, mata da goyo, wasu ko takalmi babu. Wasu sun kwana a wannan zauren da ake cewa na tsafi ne kafin a haɗa musu kuɗin mota su zagaya su koma Yola. Da azumi kuwa kunu da ƙosai muke kaiwa asibiti da gidan yari. Ban lissafa waɗannan don a yabe mu ba, mahaifina da zai ji ma da ya yi mini faɗa. Dole ce ta sa.

Hukuma ta san da mu. Dokar ƙungiyoyi ta Kamaru, mai lamba 90/053 ta ranar 19 ga Disamba 1990, ta ce a kai sanarwa ofishin firefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, tare da kwafi biyu na dokokin ƙungiya, da sunanta da manufarta da mazauninta, da sunaye da sana'o'i da adireshin shugabanninta. In firefe ya yi wata biyu bai ce komai ba, an ɗauka ya amince. Mun bi wannan hanya, takardar shaidarmu tana nan a fayil. Jauro, wato mai unguwarmu, ya san ranar zamanmu, Sarkin Hausawa ya sha halartar walimarmu.

To mece ce ita loj ɗin da ake jingina mana? Na lura yawancin masu faɗin kalmar ba su san abin da take nufi ba, sun dai ji ana faɗa. Loj ita ce reshe ko ɗakin taro na Masoniyya, waɗanda a nan ake kira faramason. Babbar majalisarsu ta farko a Landan aka kafa ta a 1717, daga Ingila ta bazu zuwa Faransa da sauran Turai, Turawan mulkin mallaka suka shigo da ita Afirka. Suna da matakai uku na asali, almajiri da abokin aiki da gwani, sunayen da suka aro daga magina. Alamarsu kamfas ne da ma'aunin kusurwa, suna ɗaura wani ɗan ƙyalle a ƙugu, ana rufe wa mai shiga ido, yana rantsuwa cewa ba zai fallasa abin da ya gani ba, suna da kalmomi da riƙon hannu na gane juna. Akwai kuma Roskurwa, wadda reshenta da aka fi sani, AMORC, a Amurka aka kafa shi a 1915. Su ma suna cewa 'yan'uwantaka da taimako suke yi. Amma malaman addini sun yi magana a kansu tuntuni. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yanke a 1978 cewa Masoniyya ta saɓa wa Musulunci. Cocin Katolika ta hana mabiyanta shiga tun 1738, kuma a 2019 limaman Katolika na Kamaru sun fitar da wasiƙa ta musamman suna gargaɗi a kan Masoniyya da Roskurwa da camfin maita. A Najeriya ma tsarin mulkin 1999, sashe na 38, bai ba kowa 'yancin kafa ƙungiyar asiri ko shiga cikinta ba. Ni Musulmi ne, inda malamaina suka tsaya nan na tsaya. Duk ƙungiyar da za ta sa in yi rantsuwa a kan abin da ba zan iya gaya wa limamina ba, ba ni ba ita.

A auna wannan da abin da na bayyana na zaurenmu, gani ya kori ji.

Ban ga laifin matasa gaba ɗaya ba. Yaro ya gama jami'a a Ngawundare ko Marwa, ya yi shekara biyar yana yawo da takardu, kullum yana jin cewa a Yawunde ba a samun muƙami sai an shiga wani abu. Ya ga a intanet hoton bikin da aka naɗa Ali Bongo, shugaban ƙasar Gabon na lokacin, shugaban Masoniyyar ƙasar a 2009. Ya taso yana kallon finafinan kuɗin tsafi, yana jin labarin famla daga abokansa 'yan kudu, wai mutum kan sayar da ɗan'uwansa ya yi arziki. Idan ciki da yunwa, zuciya da ɗaci, duk wanda ya samu sai a nemo masa dalilin da ba gumi ba. Na fahimci wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki wannan ɗacin a zuba a kan uban da ke cikin makoki. Suratul Hujurati ta umarce mu da mu bincika labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama, ita ce kuma ta hana mu yawan zato. Wanda ya tura saƙon nan gaba da yatsa ɗaya, ko da bai ƙara kalma ba, yana da kamasho a hawayen matar nan.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma zan yi rashin adalci in na ce mu ba mu da laifi. Na faɗa a zaure, zan maimaita a nan.

Shekaru da suka wuce, kafin in karɓi littafi, wani ma'ajinmu ya taɓa kuɗin asusu. Bashi ne ya ci shi. Dattawa suka ce a rufa masa asiri, aka sauke shi shiru, wasu suka cike gurbin daga aljihunsu. Niyyar mai kyau ce, amma mutanen waje sun ga mutum ya bar ƙungiya ba bayani, ya rame, ya bar gari, kowa ya saƙa abin da ya ga dama. Tun daga lokacin muka kai kuɗin banki, ba a cirewa sai da sa hannun mutum uku, amma ba mu taɓa fitowa mun gaya wa unguwa haka ba. Mun saba da shiru har ya wuce inda yake da amfani. Sunan mabuƙaci ya cancanci a ɓoye. Nawa aka tara bana, nawa aka kashe, yara nawa aka yi wa takarda, wannan ba shi da dalilin zama a bayan ƙofa.

Laifi na biyu, mun tsufa a cikinta mun bar samari a waje. A cikin mu 46, waɗanda ba su kai shekara 35 ba ba su wuce shida ba. Jaka 10 ta shiga ba komai ba ce ga mai shago, amma ga yaron da ke tura baro a kasuwa ribar kwana da kwanaki ce. Samarin da ke haƙa mana kabari cikin zafin Afrilu, lokacin da ƙasar Garwa ke ƙona tafin ƙafa, ba mu taɓa cewa su shigo su zauna ba. Wanda kullum yake ganin ƙofa daga waje dole ya ƙirƙiri abin da ke ciki. Haka mata. Yawancin waɗanda asusun gaggawa ke kaiwa gare su zawarawa ne da marayu, amma babu mace ko ɗaya da ake shawara da ita. Suna da nasu adashin, uwar adashinsu ta fi mu sanin gidan da ba a hura wuta ba. Da tun farko muna aika mata da lissafinmu tana karanta wa mata, da maganar gidan sunan nan ta sami mai ƙaryata ta nan take.

Akwai hadisin da ya tsaya mini a rai tun da abin nan ya faru. Manzon Allah yana i'itikafi, matarsa Safiyya ta zo wurinsa da dare, ya fito raka ta. Wasu Ansaru biyu suka gan su suka ƙara sauri. Ya kira su ya ce su dakata, Safiyya ce. Suka ce subhanallah, ya Manzon Allah, wa zai zarge ka? Ya gaya musu cewa shaiɗan yana gudana a jikin ɗan Adam kamar jini, ya ji tsoron kada ya jefa musu wani abu a zuciya. In mafi tsarkin halitta bai ga ƙasƙanci ba a tsayawa ya yi bayani, mu su wa da za mu ce mun fi ƙarfin yi wa unguwarmu bayani? Da wannan na shawo kan dattawanmu, don wasunsu cewa suka yi a kai ƙara kotu, dokar ƙasa ta hukunta ɓata suna. Dattijon da aka zalunta shi da kansa ya ce a'a. Ya ce ya rasa ɗa ɗaya, ba ya so ya zama sanadin ɗaure ɗan wani.

Ga abin da muka yanke a zamanmu na watan jiya. Taron shekara na bana ba a zaure za a yi shi ba, ba kuma da dare ba. Lahadin farko bayan Babbar Salla, bayan la'asar, a filin makarantar allo ta unguwa. An gayyaci liman da Jauro da Sarkin Hausawa, za a shimfiɗa wa mata tabarmi a gefe. Ma'aji zai karanta lissafi da Hausa da Fulatanci, za a kawo akwatin a buɗe shi a gaban kowa, littafina zai kasance a kan tabarma ga duk mai son dubawa, ban da shafin sunaye, wannan zai zauna a aljihuna. An rage kuɗin shiga zuwa jaka 2 ga duk wanda bai yi aure ba, samarin maƙabarta kuwa kyauta. 'Yan'uwa masu irin wannan ƙungiya a Marwa da Ngawundare da Njamena, na san kuna da yawa, wasunku sun kira ni suna tambayar gaskiyar magana. Ku duba ƙofofinku tun kafin irin wannan saƙo ya fito a kanku.

Kai kuma ɗana mai muryar, mun gane ka tun ranar farko, ba mu faɗi sunanka ba kuma ba za mu faɗa ba. Likkafanin da aka sa wa kakanka daga wannan akwatin ya fito, ka tambayi mahaifiyarka. Ka zo shagona, ba wanda zai ɗaga maka murya. Alhaji, uban yaron da ya rasu, ya ce shi ya yafe. Abin da ya roƙa ɗaya ne, in kai ka gidansa ka durƙusa ka gai da Hajiya, ka gaya mata da bakinka abin da ka gani da abin da ba ka gani ba, sannan ka yi wani saƙon da muryarka ka tura inda ka tura na farko. Tun ranar sunan nan ba ta leƙa ƙofar gida ba.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Magatakardan ƙungiya,
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru